Malesiya Ta Yamma Ko Tsibirin Borneo: Ina Ya Kamata Ka Nufa?

Malesiya ƙasa ɗaya ce amma gidanta biyu, teku kuma ya raba su. Akwai ɓangaren Yamma, wanda ya zubo daga iyakar Tailan har bakin Singafo, inda Kuala Lumpur da Penang da Melaka suke. Akwai kuma ɓangaren Gabas a kan tsibirin Borneo, wato jihohin Sabah da Sarawak, waɗanda sai a 1963 suka haɗu da Malaya aka kafa tarayyar. Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar karatu ne ke kai su, ko asibiti, ko saro kaya, ko bikin kammala digirin ɗa ko ƙane a jami'o'i irin su IIUM ta Gombak da UPM ta Serdang. Idan an gama abin da ya kawo mutum, kwana goma ko mako biyu suka rage masa, sai a fara shawara: a zagaya nan kusa, ko a sake hawa jirgi a tsallaka Borneo?

Ga ra'ayina tun da wuri. Wanda ya zo da iyali ko da dattijo, ko kuwa zuwansa na farko ke nan, ya tsaya a Yamma. Wanda ya riga ya ƙoshi da dogayen benaye da manyan kantuna, yana da ƙarfin ƙafa da ɗan abin hannu, kuma yana son ganin halittun da sai a talabijin yake ganinsu, ya haura Borneo. Wanda ya ce zai haɗa biyun a mako guda, a filin jirgi zai cinye hutunsa. Sai dai akwai abubuwan da kan iya juya wannan hukunci, na farkonsu watan da ka zo.

Ƙasar ba ta da rani. Zafi ne da gumi shekara duka, ruwa kuma yana iya ɓarkewa kowace la'asar. Abin da ke sauyawa shi ne iskar teku. Daga Nuwamba zuwa wajajen Maris iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ta haukata tekun da ke gabashin ɓangaren Yamma. A wannan tsakanin masaukan tsibiran Perhentian da Redang rufewa suke yi, jiragen fito su daina zirga-zirga, jihohin Kelantan da Terengganu kuma sukan sha ambaliya. To, tsibiran nan su ne inda murjanin Yamma yake, wato duwatsun nan masu rai na ƙarƙashin teku da kifi ke taruwa a kansu. Idan a Disamba ka sauka kana ɗokin ruwa garau da kifi kala-kala, Yamma ba ta da abin ba ka sosai. Langkawi da Penang suna buɗe, a lokacin ne ma sararinsu ya fi washewa, amma ruwan gaɓarsu ba mai haske ba ne, wurin shan iska ne da cin daɗi. Kuching ta Sarawak ita ma tana jiƙewa sharkaf daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Satumba kuwa ko'ina ya buɗe, Yamma da Borneo, zaɓi ya koma hannunka.

A maganar birane ba gasa. Kuala Lumpur kaɗai ta isa ta cinye maka kwana uku: tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452, Merdeka 118 wanda ya kusa mita 679, babu wanda ya fi shi tsawo a duniya sai Burj Khalifa, da Masjid Jamek da aka gina a 1909 a mahaɗar kogunan Klang da Gombak. Idan wuri ɗaya kawai za ka shiga, ka shiga gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da Masjid Negara. Rubutattun Alƙur'anai na hannu daga ƙasashe daban-daban, da ƙananan samfurin masallatan duniya, sun fi hawa bene amfani. Putrajaya, mazaunin gwamnati, tana nan kusa, da masallacinta mai launin hoda a bakin tafki.

Melaka tafiyar kamar awa biyu ce a bas daga TBS, babbar tashar motar Kuala Lumpur. Daular Musulunci ce ta 'yan kasuwa da ta tashi a wajajen 1400, Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, 'yan Holan suka karɓe a 1641, Ingila ta gaje ta a 1824, kuma kowannensu ya bar gini. Yini ɗaya da kwana ɗaya sun ishe ta. George Town ta Penang, wadda UNESCO ta sa ta tare da Melaka cikin wuraren tarihi a 2008, ta fi ta rai. Jirgin ƙasa mai lantarki zai kai ka Butterworth cikin awa huɗu da 'yan kai, ka hau jirgin fito ka tsallaka. A titi guda za ka wuce masallacin Kapitan Keling, da wurin bautar 'yan Sin, da na Hindu, da coci. Idan gumi ya ishe ka sai ka haura Cameron Highlands, tudu mai sanyi da gonakin shayi, kamar dai Mambila.

Biranen Borneo ƙanana ne. Kota Kinabalu bama-bamai sun rushe ta a yaƙin duniya na biyu, don haka tsohon gininta kaɗan ne. Abin da take da shi kasuwar gasasshen kifi ce ta dare da faɗuwar rana a bakin teku. Kuching ta fi ta fasali, da yawon bakin kogi da gine-ginen zamanin gidan Brooke, Turawan da suka yi sarautar Sarawak daga 1841 zuwa 1946. Babu wanda ke tsallaka teku don birni.

Sai maganar salla da abinci, wadda ga da yawa daga cikinmu ita ce ke yanke hukunci. A Yamma ba ka da damuwa. Kowane babban kanti, gidan mai, tashar mota da wurin hutawa na babbar hanya yana da ɗakin salla da suke kira surau, da wurin alwala, maza daban mata daban. A rufin ɗakin otal za ka ga kibiya tana nuna alƙibla. Mutanen ƙasar Shafi'awa ne, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ji liman ya bayyana bisimilla, ko ya yi ƙunutin Asuba bayan ruku'u hannaye a sama. Abincin halal kuwa ko'ina ne: nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da yaji da gyaɗa da ƙananan kifi, nasi kandar, shinkafa da miya ta Indiyawa Musulmin Penang, roti canai (wata irin gurasa) da shayin madara a shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, waɗanda ba sa rufewa da wuri. Ka nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ka kuma sani cewa shagon 'yan Sin da ba shi da tambarin yana iya amfani da naman alade ko kitsensa. A Kelantan da Terengganu da Kedah hutun mako Juma'a da Asabar ne, kuma shaguna da yawa na rufewa lokacin sallar Juma'a.

Sabah Musulmi ne suka fi yawa, musamman a garuruwan bakin teku, don haka a Kota Kinabalu da Sandakan da Semporna abin bai bambanta sosai ba. Sarawak ce ke son lura. Kusan rabin jama'arta Kiristoci ne, Musulmi kamar kashi ɗaya cikin uku. Taliyar kolo mee da Kuching ke alfahari da ita, ta asali da kitsen alade ake yin ta, sai ka nemi ta shagon Malayawa. Idan ka je dogon gidan ƙabilar Iban, inda iyalai da yawa ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, giyar shinkafa da ake kira tuak ita ce ruwan maraba. Sun saba da Musulmi, ba wanda zai matsa maka, amma ka gaya wa ɗan jagora tun kafin ku tashi don a shirya maka abincinka daban. Wani abu kuma: agogon ƙasar ɗaya ne, awa bakwai gaba da Najeriya, amma rana ba ta bin agogo. A Kuala Lumpur Magariba sai ƙarfe bakwai ko bayan haka, a Sabah kuwa wajajen shida ta yi. Mai azumi ya sauya jadawalinsa da zarar ya sauka.

A daji ne Borneo ke rama bashi. Yamma tana da Taman Negara, gandun da ya haura murabba'in kilomita 4,300, wanda ake shiga ta ƙauyen Kuala Tahan. Kurmi ne na gaske, itatuwa sun rufe sama, ƙarar ƙwari ba ta yankewa, akwai giwa da damisa a ciki. Amma kasancewarsu a ciki daban, ganinsu daban. Dajin ya yi faɗi da duhu, dabba ta ji motsinka tun kafin ka hango ta. Mafi yawan baƙi birai suke gani, da tsuntsaye, da guza, da matsattsaku a ƙafafunsu. Idan burinka ka shaƙi iskar kurmi, ka hau kwalekwale a kogin Tembeling, ka kwana biyu ka dawo birni ba ka kashe kuɗi da yawa ba, Taman Negara ta biya.

Idan dabbar kake son gani ido da ido, sai Sabah. Kusa da Sandakan akwai cibiyar Sepilok, wadda aka buɗe a 1964 don renon marayun birin orangutan da koya musu zaman daji. Ana ajiye musu 'ya'yan itace sau biyu a rana, ƙarfe goma na safe da uku na yamma. Ba keji ba ne, daji ne a buɗe, don haka lokacin da itatuwa suka yi 'ya'ya birin na iya ƙin zuwa, kuma masu kula da wurin murna suke yi da hakan. Daga nan tafiyar awa biyu ce da wani abu zuwa ƙauyukan Sukau da Bilit a bakin Kinabatangan, kogi mai tsawon kilomita 560. A nan ba tafiyar ƙasa ake yi ba. Kana zaune a kwalekwale da asuba ko da la'asar sakaliya, sai ka ga birin nan mai ƙaton hanci da tumbi, wanda babu shi a ko'ina sai Borneo, ka ga kada a kan laka, ka ga manyan cilakowa, in da rabo ka ci karo da garken ƙananan giwayen tsibirin. Dattijo ma zai iya wannan.

Dalilin sauƙin ganin dabbobin ba mai daɗin ji ba ne. Gonakin kwakwar manja sun cinye dajin daga kowane gefe, sun bar wa namun dawa siririn ziri a bakin kogi. Tun daga tagar mota za ka gani, sa'o'i kana tafiya ba komai sai layin kwakwa. Itaciyar asalinta ta Afirka ta Yamma ce, an fara nomanta na kasuwanci a Malaya a 1917, yau kuma Indonesiya ce kaɗai ta fi Malesiya fitar da manja a duniya. Ɗan Najeriya da ya bi wannan hanya ba zai rasa abin tunani ba. Mai son kurmin da gatari bai taɓa ba, Kwarin Danum da ke bayan Lahad Datu zai nufa, amma masaukansa kaɗan ne kuma da tsada.

Sarawak nata abin daban ne. Gandun Bako, mafi tsufa a jihar tun 1957, yana kusa da Kuching, mota da kwalekwale su kai ka, kuma birin mai hanci yakan sauko har kusa da ofishin gandun. Semenggoh tana da orangutan kamar Sepilok. Sai Gunung Mulu, wanda hanyar mota ba ta kai masa ba, yawanci sai ƙaramin jirgi daga Miri ko Kuching ko Kota Kinabalu. Kogunansa na dutse suna cikin mafi girma a duniya, kuma da yamma miliyoyin jemagu kan fito daga Kogon Barewa a jere suna murɗawa a sama, in ba a yi ruwa ba. Wanda jirgi mai farfela ke tayar wa hankali ya yi tunani.

Dutsen Kinabalu, mai tsawon mita 4,095, shi ne ke jan matasa. Kwana biyu ake yi: a hau zuwa masaukin Panalaban da ke sama da mita 3,200, a ɗan runtsa, a tashi wajajen biyun dare a ƙarasa ƙololuwa kafin fitowar rana. Ba a buƙatar gwanintar hawan dutse, amma ana buƙatar gwiwa da huhu, da rigar sanyi ta gaske. Dole ne ka sami takardar izini da ɗan jagora, adadin masu hawa kowace rana ƙayyadadde ne, kuma baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a gindin dutsen, gandun da ke ƙasa ma akwai sanyi da furanni.

A teku mutane kan ruɗe da suna. Sipadan, da ke gaban garin Semporna, ita ce ta yi suna a duniya. Tsibiri ne da ya taso daga zurfin kusan mita 600, kunkurun teku da kifin shak da dubban kifaye na kewaya shi. Kotun duniya ta tabbatar wa Malesiya shi a 2002 bayan jayayya da Indonesiya. Ba a kwana a kansa, sai dai a Mabul ko Kapalai ko cikin Semporna, izinin shiga na kowace rana ƙayyadadde ne, kuma wuri ne na masu takardar shaidar koyon nutso da tulun iska. Mu faɗa wa juna gaskiya: yawancinmu ko iyo ba mu iya ba. Wanda bai iya ba, ya biya kuɗin jirgi zuwa Tawau, ya yi awa ɗaya da rabi a mota zuwa Semporna, ya sayi sunan ne kawai. Ga kuma batun tsaro. A 2000 'yan Abu Sayyaf daga kudancin Filifin sun sace mutum 21 a Sipadan, a 2013 kuma wasu 'yan bindiga suka kutsa Lahad Datu, abin da ya sa aka kafa rundunar tsaro ta musamman a gabashin Sabah. Abubuwa sun lafa, baƙi na zuwa kullum, amma za ka ga jami'an tsaro a tsibiran.

Ga wanda zai sa rigar kariya ya kifa fuska a ruwa da tabarau da bututun numfashi, Perhentian ta ishe shi har ta yi yawa. Motar dare daga Kuala Lumpur za ta sauke ka a Kuala Besut, kwalekwale mai inji ya tsallakar da kai cikin minti arba'in ko ƙasa da haka. Tsibiran biyu ne. Ƙaramin, Kecil, na matasan Turawa ne masu jaka a baya, da kiɗan dare da shigar da ba za ka so 'ya'yanka su gani ba. Babban, Besar, ya fi natsuwa, shi ya dace da iyali. Matan Malayawa da cikakkiyar sutura da ɗankwalinsu suke shiga ruwa, don haka uwargida ba za ta ji ta fita daban ba. A Sabah ma akwai irin wannan sauƙi: tsibirai biyar na gandun Tunku Abdul Rahman, minti ashirin a jirgin ruwa daga Kota Kinabalu. Murjaninsu bai kai na Perhentian ba, cunkoso kuma ya yi yawa a ƙarshen mako, amma ka je da safe ka dawo ka yi La'asar a gari.

Bambancin kuɗi daga sufuri yake farawa. A Yamma akwai manyan hanyoyi masu kyau, bas masu sanyi, jirgin ƙasa, da manhajar kiran tasi ta Grab a manyan garuruwa. Za ka iya farkawa ka yanke shawarar zuwa Ipoh yau, ka je. A Borneo kusan komai sai jirgin sama: awa biyu da rabi daga Kuala Lumpur zuwa Kota Kinabalu, ƙasa da awa biyu zuwa Kuching, sannan wani jirgin zuwa Sandakan ko Tawau ko Mulu. Tikitin kamfanoni masu arha irin AirAsia yana da sauƙi a ido, amma kuɗin akwati daban ne, kuma mu ba a san mu da ƙaramin kaya ba. Masaukan daji dunƙule suke sayar da komai, ɗaki da abinci da kwalekwale da ɗan jagora, kowane kai da kuɗinsa. Mai mata da 'ya'ya huɗu ya ninka lissafin kafin ya yi alkawari. Ko'ina ka sauka kuma akwai harajin ringgit 10, kuɗin ƙasar, na kowane ɗaki a kowane dare a kan baƙi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Sabah da Sarawak kowacce tana da ikon shige da ficenta tun yarjejeniyar 1963. Ko daga Kuala Lumpur ka taso, sai ka bi layi an duba fasfonka an buga hatimi, haka ma in za ka tsallaka daga Sabah zuwa Sarawak. Fasfo na ainihi za ka riƙe, ba kwafi ba, tare da tikitin komawa da shaidar masauki. Ɗalibi ya fara leƙa ofishin ɗaliban ƙetare na jami'arsa kafin ya sayi tikiti, musamman in fasfonsa na wurin sabunta izinin zama. Kada kuma taswira ta yaudare ka ka ce za ka bi mota daga Miri zuwa Kota Kinabalu: hanyar ta ratsa Burunai, ƙasa ce daban mai bizarta.

Lafiya: zazzaɓin dengue yana ko'ina, har cikin birane, kuma sauronsa da rana yake cizo. A dazukan Sabah da Sarawak akwai wani nau'in maleriya da sauro ke ɗaukowa daga birai. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan ka fito daga daji, ka gaya wa likita inda ka je, kada ka ce ai irin ta gida ce ka sha magani ka kwanta. Mai tasowa daga Najeriya kuwa sai da biza tun daga gida, da katin allurar shawara, da fom ɗin isowa na intanet da ake cikewa cikin kwana uku kafin sauka. Babu jirgi kai tsaye, ta Doha ko Addis Ababa ko Istanbul ake bi. Kuma duk kusancinka da mutum, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, domin safarar ƙwaya a ƙasar nan tana iya kai mutum ga rataya.

Idan ka yanke wa Borneo, to jiha ɗaya za ka ɗauka. Mako guda a Sabah zai ba ka Kota Kinabalu da tsibiranta, da Sepilok, da kwana biyu a Kinabatangan, wato teku da dabba a tafiya ɗaya, abincinka da sallarka kuma ba wahala. Ita nake zaɓa wa mai zuwan farko. Sarawak ta fi dacewa da mai son tarihi da al'adun ƙabilu da koguna na dutse, ba ta da cunkoso, kuma Kuching da kewayenta sun fi arha, amma murjaninta ba abin da za a tsallaka teku dominsa ba ne. Ƙarshen Mayu da farkon Yuni lokacin bukukuwan girbi ne, Kaamatan a Sabah ranakun 30 da 31 ga Mayu, Gawai a Sarawak 1 ga Yuni. Akwai abin kallo, amma jirage kan cika da masu komawa gida, farashi ya tashi. Mai niyyar hawa Kinabalu ko nutso a Sipadan kuwa, izinin zai fara kamawa watanni kafin lokaci, sai ranar ta tabbata sannan ya sayi tikitin jirgi a kanta.